Yadda ake zaɓar font na jiyometirik a haɗa tambari da allon shago da zai karantu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar dizain, musamman ku da kuka fara da PixelLab ko Canva a waya kuma yanzu kwastomomi sun fara zuwa da aikin kuɗi. Maganar haruffa za mu yi, irin font ɗin nan masu tsafta da kuke gani a tambarin manyan kamfanoni, O ɗinsu zagayayye tas, layinsu miƙe sambal, kaurin layin kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma babu 'yan ƙafafun nan da ake gani a bakin harafin Times New Roman. Su ake kira jiyometirik, don da da'ira da miƙaƙƙen layi da kusurwa aka gina su. Ina son su sosai wallahi, shi ya sa yake min ciwo in bi ta Ahmadu Bello Way ko Kawo a Kaduna in ga an ɗauki font mai kyau an ja shi an murɗe shi an cusa a fileks har ya fita hayyacinsa.

Kafin ka buɗe CorelDRAW, manhajar dizain ta kwamfuta, ya kamata ka san 'yan gidan, don ba duka ɗaya ba ne. Babbansu shi ne Futura, wani Bajamushe Paul Renner ya zana shi, kamfanin Bauer na Frankfurt ya fitar a 1927, lokacin da makarantar zane ta Bauhaus a Jamus ke tashe da ra'ayin cewa a rage ado a bar abin da ke aiki, duk da shi Renner ɗin ba malamin makarantar ba ne. Ƙananan haruffan Futura gajeru ne amma sandunan b da d da k dogaye, shi ya ba shi wannan ƙasaitar, kuma da shi aka rubuta allon da 'yan Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Daga baya aka samu Avant Garde na Herb Lubalin da Tom Carnase a 1970, sai Avenir na Adrian Frutiger a 1988 wanda ya sassauta lissafin ya sa shi ya fi daɗin karatu, sai Century Gothic a 1991 wanda kusan duk kwamfutar da ke da Microsoft Office tana da shi, sai Gotham na Tobias Frere-Jones a 2000 wanda kamfen ɗin Obama na 2008 ya sa duniya ta san shi. Ko Google ma a 2015 ajiye tsohon tambarinsa mai ƙafafu ya yi ya koma irin wannan zubin, babban dalili kuwa shi ne ƙaramin allon waya, harafin da babu tarkace a jikinsa ya fi jure a ƙanƙanta shi.

To yanzu aiki. Mu ɗauka wata Hajiya a Unguwan Rimi tana sayar da turaren wuta da humra, ta ce tana son tambari da allon ƙofar shago da sitika ta kwalba, sunan kuma Ƙamshin Ɗaki. Da wannan misalin za mu tafi.

Mataki na farko ba a kwamfuta yake ba, tambaya ce. Ranki ya daɗe ina da ina za a sa sunan nan? Daga wane nisa za a karanta? Allon da ke bakin titi wanda mai keke napep zai wuce a guje ya hango daban yake da sitikar da mace za ta riƙe a hannunta. Ka rubuta wuraren duka a takarda, allo, sitika, leda, hatimin rasit, hoton WhatsApp, in akwai rigar ma'aikata da za a yi wa ɗinkin suna ita ma ka sa. Sai ka duba wanne ne mafi ƙanƙanta a ciki, don shi ne zai yanke maka kaurin harafin da za ka iya ɗauka. Masu yin allo suna da wani ƙiyasi da suke bi, duk inci 1 na tsayin harafi yana karantuwa da kyau daga ƙafa 10, kenan in daga tsallaken titi ake son a gani, a ce ƙafa 60, kar harafin sunan ya gaza inci 6.

Mataki na biyu, kuɗi da izini. Futura da Avenir da Gotham na sayarwa ne, kuma in ka sauke na sata a wani shafi ka yi wa kamfani tambari da shi ka ɗora wa kwastomanka abin da bai sani ba, ga shi sau da yawa irin waɗannan fayil ɗin a gurgunce suke, tazarar haruffa ta lalace ko wasu alamomi sun ɓace. Babu ma buƙata. Ka shiga Google Fonts, akasarin abin da ke can yana ƙarƙashin lasisin OFL ne, wanda ya yarda ka yi aikin kasuwanci da shi kyauta, abin da ya hana shi ne ka sayar da font ɗin shi kaɗai. Akwai Montserrat na Julieta Ulanovsky, wadda ta ɗauko zubinsa daga tsofaffin allunan unguwarsu a Buenos Aires ta fitar a 2011, yana da faɗi kuma yana da kauri kala-kala tun daga siriri har baƙi ƙirin. Akwai Poppins na Indian Type Foundry, shi ya fi zagaye da fara'a, ya dace da kayan mata da abinci da na yara. Akwai Jost wanda ya bi sawun Futura, akwai League Spartan mai nauyi na kanun talla, akwai Questrial. Ka ɗauki uku ko huɗu kawai, in ka jera ashirin sai ka wuni ba ka yanke ba.

Mataki na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma shi ne bidiyoyin koyon dizain na waje ba za su taɓa gaya maka ba don ba matsalarsu ba ce: haruffa masu lanƙwasa. Kafin ka ƙaunaci kowane font ka rubuta masa wannan layin, Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ 'y ₦, ka ƙara da sunan kwastoman, ka ƙura ido. Abu uku ne zai faru. Ko dai su fito daidai da sauran, ko ka ga akwati babu komai a ciki, ko kuma na ukun wanda ya fi haɗari, manhajar ta aro harafin daga wani font a ɓoye ba ta gaya maka ba, sai ka ga Ƙ ɗin ya fi sauran siriri ko ya ɗan fi su tsayi ko ma yana da ƙafafu. A waya da ƙyar ka lura, amma ranar da aka buga shi a fileks mai ƙafa 10 kowa zai gani. Da yawa daga cikin font ɗin jiyometirik ba su da haruffan nan don ba a yi su da mu a rai ba, kuma wani lokacin tsohon fayil ba shi da su sabon yana da su, don haka ka sauke sabo daga tushe kar ka dogara da wanda wani ya tura maka a filasha tun shekarun baya. Questrial dai an faɗaɗa shi musamman don harsunan Afirka, Laura Meseguer ce ta yi aikin a kan zanen Joe Prince, matsalarsa ɗaya kauri guda ɗaya tak gare shi. In kana kan kwamfuta ba ka da kibod ɗin Hausa, a Microsoft Word ka rubuta 0198 ka danna Alt da X zai zama Ƙ, 0199 ƙ, 018A Ɗ, 0257 ɗ, 0181 Ɓ, 0253 ɓ, sai ka kwafa. A waya kuwa Gboard yana da Hausa, ka ƙara shi a jerin harsuna.

Idan font ɗin da ya dace da aikin ba shi da su fa? Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su rubuta Kamshin Daki su wuce, ko su liƙa waƙafi a gefen K. Ni ban yarda da wannan a tambari ba, a chat kowa na iya sakaci amma sunan da mutum zai rataya a ƙofar shagonsa shekara da shekaru ya cancanci a rubuta shi daidai, kuma gyaran ba wuya. Ka rubuta sunan da K da D na yau da kullum, a gefe ka rubuta f da r na font ɗin a girma ɗaya, ka mayar da su duka zane da Ctrl+Q a CorelDRAW, ko Ctrl+Shift+O in Illustrator kake amfani da shi. Sai ka yanko lanƙwasar kan f ɗin ka ɗora. A ƙananan ƙ da ɗ da ɓ sandar sama ce ke lanƙwasawa zuwa dama, daidai yadda kan f yake. A babban Ɗ da Ɓ ƙugiyar ta hagu take fitowa daga saman sandar ta sauko kaɗan. A babban Ƙ hannun dama na sama ne ke lanƙwasawa. Dalilin da ya sa na ce ka aro daga jikin f shi ne kaurin da zagayen za su zo ɗaya da sauran haruffan, wanda in da hannu ka zana da wuya ka dace. Ka haɗe su su zama jiki ɗaya, ka zuƙo hoton sosai ka duba wurin haɗin kar a bar tudu ko tsaga. Kuma kar ka yi ƙugiyar ƙarama don kunya, in ta yi ƙanƙanta a sitikar kwalba ɓacewa za ta yi.

Mataki na huɗu, ka gwada font ɗin da kalmomin Hausa na gaske. Hausa cike take da a, kuma a nan ne wasu font ɗin ke ba da matsala, don a Futura da Century Gothic ƙaramin a da'ira ce kawai da sanda a gefe, daga nesa da o da a da d duk sai su so zama abu ɗaya. Rubuta madara, dabino, adada, ka ja da baya ka gani. Montserrat yana da a mai hawa biyu irin na littafi, shi ya sa ya fi sauƙin rarrabewa a suna mai a da yawa. Haka babban I da ƙaramin l, a yawancinsu sanda ce kawai, rubuta Ilimi ko Illela ka ga yadda farkon ke zama sanduna a jere, in makaranta kake wa aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai lambobi, don lambar waya ita ce abin da mai shago ya fi so a gani, ka duba 1 da 7, 3 da 8, 6 da 9, da 0 kusa da O. Lamba 11 ce, ka raba ta 4, 3, 4 da 'yar tazara, ido ya fi kama ta haka.

Mataki na biyar, kauri da girman harafi. Don tambari ka fara daga Medium ko SemiBold ko Bold. Siririn nan Thin da Light yana burgewa a allon kwamfuta, yana kama da kayan tsada, amma ranar Kaduna da ƙurar hunturu ba sa raga masa, wata kaɗan fileks ya dushe layin ya ɓace, kuma in farin rubutu ne a kan baƙi ko kore mai duhu tawada tana ɗan cin gefen harafin ta ƙara sirantar da shi. Mai ɗinkin suna a riga ma zai ce maka zare ba zai fitar da shi ba. Mafi kaurin kuma, wato Black, ramukan cikin a da e suna toshewa in an ƙanƙanta. Game da manya ko ƙananan haruffa, manya zalla suna ba da nauyi da girma, sun dace da kamfanin gini ko lauya ko asibiti, ƙanana sun fi sakin fuska. Ga Hajiyarmu ni zan sa harafin farko babba sauran ƙanana a SemiBold, don Ƙ da Ɗ ɗin su tsaya a gaba su zama su ne adon tambarin, ba sai an ƙara hoton kasko da hayaƙi da fure da tauraro ba.

A nan zan roƙe ku abu ɗaya don Allah. Font ɗin jiyometirik suna da faɗi, suna cin wuri, sai sunan ya ƙi shiga allon, sai mutum ya kama gefe ya matse ko ya kama sama ya ja. Kar ka yi. Duk kyan font ɗin a da'irar nan yake, da ka matse O ya koma siffar ƙwai, layin tsaye ya sirance na kwance ya yi kauri, aikin da mai zanen ya yi na daidaita su ya tafi a banza. Kullum daga kusurwa ake ja don tsayi da faɗi su tafi tare. In bai shiga ba ka raba sunan layi biyu, Ƙamshin a sama Ɗaki a ƙasa, ko ka rage girman, ko ka canza zuwa font da aka yi shi matsattse tun asali. Haka in ka lura O da S sun ɗan leƙa sama da ƙasan layi fiye da H ko E, kar ka gyara, da gangan aka yi, in an yi su daidai cif ido zai ga kamar sun fi sauran ƙanƙanta.

Mataki na shida, tazara tsakanin haruffa, wanda shi ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Rubuta WAYA ko KAYA ko TAYA da manyan haruffa ka gani, saboda A da W da Y duk a karkace suke sai rami ya buɗe a tsakaninsu, ko tsakanin T da a, alhali wasu haruffan kamar M da I sun matsu da juna. Ido ba nisan gefe da gefe yake aunawa ba, yawan farin filin da ke tsakani yake gani, shi za ka daidaita. A CorelDRAW ka danna F10, za ka ga ɗan ƙulli a ƙasan kowane harafi, ka kama ka matsar da shi kaɗan kaɗan. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka juya sunan ƙasa a sama don ƙwaƙwalwa ta daina karantawa ta koma kallon siffa, sannan ka bi haruffan uku uku kana duba ko na tsakiya ya zauna a tsakiya. Babban rubutu yana son a ɗan matse shi, ƙaramin rubutu da manyan haruffa, kamar layin ƙasa da zai ce TURAREN WUTA DA HUMRA, yana son a buɗe shi ya sha iska. Ƙananan haruffa kuwa kar ka buɗe su da yawa, kalmar watsewa take. Kuma bayan ka ɗora ƙugiyar Ɗ ka sake duba tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu, don ƙugiyar ta cinye wani ɓangare na filin.

Mataki na bakwai gajere ne. Gida ɗaya na font ya isa allo, suna a Bold, bayani a Regular, lamba a Medium. In akwai dogon rubutu kamar takardar bayanin kaya, ka ba shi Noto Sans, yana da haruffanmu duka kuma ya fi daɗin karatu a sakin layi. In kwastoma na son sunan da Larabci a gefe, Cairo ko Tajawal ko Noto Kufi Arabic sun fi zama da jiyometirik, don su ma kaurin layinsu kusan ɗaya ne. In kuma ajami irin na allo yake so akwai Alkalami na SIL da aka yi a kan salon rubutun Kano, sai dai shi da nauyinsa yake zuwa, ka ba shi fili.

Sai launi, kuma ka bar shi ƙarshe. Ka gama tambarin da baƙi a kan fari tukuna, in bai yi kyau a haka ba launi ba zai cece shi ba, kuma hatimi da rasit dama launi ɗaya ne. In ka zo sa launi ka tabbata rubutu da bango sun rabu sosai, ma'aunin da masu shafukan intanet ke bi shi ne 4.5 zuwa 1 ga ƙaramin rubutu, 3 zuwa 1 ga babba, akwai shafuka kyauta da za ka sa launukan biyu su auna maka. Ruwan gwal a kan fari, ja a kan kore, shuɗi a kan baƙi, duk suna wahalar da ido a rana. Inuwa da ƙyalli da zagaye harafi da layi uku su ma ka ajiye su, wannan zubin ba ya son kaya.

Kafin ka tura wa Hajiya, yi gwaji da hannunka. Buga sunan a takarda A4 a girman sitikar kwalbar ka yanke ka liƙa a kwalba ta gaske. Buga harafi biyu ko uku a ainihin girman da za su fito a allo ka manna a bango ka taka zuwa nisan da ka ƙiyasta, ka kira wani wanda bai san sunan ba, yaro ko dattijo, ka ce Baba me aka rubuta can, in ya tsaya yana kanne ido to da sauran aiki. Sa shi a hoton WhatsApp ka ga ko da'irar ta yanke gefen sunan, in ta yanke ka yi masa ƙaramin tambari na daban da Ƙ da Ɗ kawai.

In za ka kai wurin bugawa ka ajiye fayil biyu. Ɗaya wanda rubutun ke nan a rubutu don gyaran gaba, shi naka ne. Ɗayan ka zaɓi komai ka danna Ctrl+Q ya zama zane, don in kwamfutarsu ba ta da font ɗinka za ta musanya shi da wani ba tare da kowa ya lura ba sai an buga. Ka mayar da launi CMYK, wato tsarin launin injin bugawa, ka fitar da PDF, in CDR suke so, wato fayil ɗin CorelDRAW, ka tambayi wane CorelDRAW gare su ka ajiye a daidai nasu don tsoho ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Ka rubuta girman allon a sunan fayil ɗin, faɗi da tsayi, kuma ka gaya wa mai injin baki da baki cewa in bai shiga ba ya kira ka, kar ya ja. In da hali ka tsaya ka ga hoton a allonsu kafin a danna bugawa. Ita kuma Hajiya ka ba ta PNG marar bango na baƙi da na fari da na launi, da PDF ɗin, da 'yar takarda mai sunan font ɗin da kaurin da aka yi amfani da shi da lambobin launi, don duk wanda zai yi mata leda ko kalanda nan gaba ya bi abu ɗaya.